Ikon da Malam Uzairu ya raba wa kowa

Shekara shida muka yi muna aiki tare da Malam Uzairu Ɗantani, ni ina malamin gona, shi yana kula da kwamfutoci. Wata ƙungiya ce mai zaman kanta ta haɗa mu, ba sai na faɗi sunanta ba tunda ta riga ta rufe. Aikinta raba iri, rigakafin dabbobi, da sasanta manoma da makiyaya. Babban ofishinmu yana Bebeji, muna da ƙananan ofisoshi uku a Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Sunana Surajo, kuma ina cikin labarin nan, shi ya sa ba zan iya ba da shi kamar wanda ya tsaya daga nesa ba.

Uzairu ɗan Kiru ne. Mahaifinsa mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwa, a nan ya saba da ƙananan wayoyi da haƙurin zama wuri ɗaya. Da ya gama sakandare ya tafi Kano, ya samu wuri a wani shagon buga takardu, yana buga wa ɗalibai aikin makaranta. Duk kwamfutar da ta lalace a shagon shi yake kwance ta ya ɗaura, har ya iya. Daga baya ya yi difloma, ya dawo gida ya auri Bushira, 'yar maƙwabcinsu, suka haifi yara uku. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, in yana maka magana ƙasa yake kallo. Abin da ya fi ba shi wahala a duniya shi ne ya ce wa mutum a'a.

Kwamfutocinmu ashirin da uku ne a ofisoshin nan huɗu, duka a haɗe suke da wata babba da ke ɗakin Uzairu a Bebeji, wadda suke kira saba. Kowane ma'aikaci yana da sunansa da kalmar sirrinsa a cikinta. Da su za ka iya zama gaban kowace kwamfuta, ko a Kiru ko a Doguwa, ka shiga ka yi aikinka. Amma iyakarka ke nan. Ba za ka iya saka sabuwar manhaja ba, ba za ka iya haɗa sabuwar firinta ba, ko agogon kwamfutar ba za ka iya gyarawa ba. Da ka taɓa, sai wani ɗan akwati ya fito yana neman kalmar sirrin admin, wato mai iko da kwamfutar. Mutum ɗaya ne yake da ita, Uzairu. Injiniyan da ya zo daga Kano ya haɗa mana kayan, Kamaluddeen, shi ya tsara haka, ya kuma ja wa Uzairu kunne kada ya ba kowa.

Mun tsani tsarin nan. Ni kaina na sha tsaya masa a ka. Muka laƙaba masa suna Mai Makulli, yana ji ya yi murmushi kawai. Intanet ɗin Doguwa ba ta da ƙarfi, sau da yawa ba ya iya yin aiki daga nesa, sai ya hau babur ɗinsa, ya bi ta Kwanar Ɗangora, ya wuce Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore, don kawai ya danna haruffa goma sha biyu ya juyo. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

A daminar shekararsa ta uku da mu, aka kawo sabuwar firinta ofishin Doguwa. Ya je ya haɗa ta, aikin da bai kai minti biyar ba. A hanyar dawowa ruwa ya tsuge, bai tsaya ba saboda yana son ya isa gida kafin magariba. Ya wuce Tudun Wada kaɗan, wata akuya ta tsallaka titi, ya taka birki, babur ya zame da shi. Ƙafarsa ta dama ta karye a ƙauri. Aka kai shi gida Kiru, mai ɗori ya ɗaure, ya ce wata biyu ba zai taka ba.

Sati na farko mutane suka yi ta zuwa dubiya. Sati na biyu waya ta fara damunsa. Wannan yana son a saka masa manhajar taswira, wancan na'urar kwafe takardunsa ta daina aiki, waccan kwamfutarta ta ce sai an sabunta wani abu. Lokacin kuwa ana gab da aika rahoton rabin shekara. Shugabanmu, Alhaji Mu'azu, ya kira ni ofishinsa ya ce in ɗauki laftof ɗin Uzairu in kai masa gida.

Na same shi a zaure kan katifa, ƙafar a miƙe kan matashi. Bayan mun gaisa na miƙa masa laftof, sai ga wayar Alhaji ta shigo. Ya saka ta yadda zan ji.

"Malam Uzairu, yaya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe."

"Allah ya ƙara sauƙi. To ka ga aiki ya tsaya cak. Ni ban san kan abin nan naku ba. Ka yi duk abin da za ka yi mutane su samu su yi aiki."

"To, ranka ya daɗe."

Ya ajiye wayar. Sannan ya ce, "Malam Surajo, hanya biyu ce. Ko in ba mutum ɗaya iko a kowane ofis, a kan kwamfutarsa kaɗai. Wannan sai na bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ban zaɓa ba zai ji haushi. Ko kuma in yi ta gaba ɗaya."

Na ce, "Gaba ɗaya kamar yaya?"

Ya juyo min da fuskar laftof ɗin. Ya nuna min wani rukuni da ya ƙunshi sunan kowane ma'aikaci, tun daga Alhaji har mai karɓar baƙi. Ya nuna min wani rukunin kuma, na masu iko da kowace kwamfuta. Ya ce in ya ɗauki na farko ya zuba a cikin na biyu, saba za ta aika wa dukkan kwamfutocin umarni, kowa ya zama admin.

Na ce, "To me kake jira? Ai da tuni ka yi haka, da ƙafarka ba ta karye ba."

Ya ce, "Ba ka gane ba. Ba a kan tasa kaɗai mutum zai samu iko ba. A kan ta kowa ne. Kai da ke Bebeji za ka zama mai iko da kwamfutar Doguwa. In wani mugun abu ya shiga da sunan mutum ɗaya, babu ƙofar da za ta tsayar da shi."

Na yi dariya na ce, "Wane mugun abu? Mu da muka san juna, muna cin abinci a kwano ɗaya? Ka yi kawai, in ka warke ka mayar."

Na tuna yadda yatsansa ya tsaya a sama kafin ya danna. Ya ce, "Na ɗan lokaci ne." Na ce ƙwarai. Bushira ta aiko mana da kunun gyaɗa, muka sha, na koma Bebeji ina jin na yi abin kirki.

Washegari ofisoshi huɗu suka yi ta sa masa albarka. Rahoto ya tafi a kan lokaci. Wayarsa ta huta. Da ya warke ya dawo aiki yana ɗan ɗingishi, aka tarbe shi kamar wanda ya dawo daga Makka. Mutanen da da suke haɗe masa rai suka koma jansa da hira. Wani ya saka abin kallon ƙwallo a kwamfutarsa, wata ta saka na sauke finafinai, ni ma na saka wani na sauraren wa'azi da wani na karta. Babu wanda ya ƙara cewa Mai Makulli.

Sau biyu na ji ya ambaci mayar da abin yadda yake. Na farko ya ce bari a gama rabon iri. Na biyu ya ce bayan Babbar Salla. Daga nan bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban tuna masa ba. Daga baya ya gaya min cewa kusan kullum in ya zauna gaban saba sai ya buɗe wurin ya kalla. Abin da ke hana shi, in ji shi, ba tsoron hanyar Doguwa ba ne. Tunanin yadda fuskokin mutane za su koma ne in ya rufe. Haka aka tafi wata goma sha huɗu.

A ofishin Doguwa akwai wata ma'aikaciya, Barakatu Hamma. 'Yar Ardo Hamma ce, shugaban wasu rugage da ke gefen Falgore, waɗanda suka daɗe a wurin suna kiwo suna noma. Ita ce mace ta farko a danginsu da ta yi karatu har ta samu shaidar malanta. Tana jin Fulatanci tana jin Hausa, dattawan ɓangarorin biyu kuma sun yarda da ita. Aikinta shi ne ta bi tsofaffi, manoma da makiyaya, ta ɗauki muryarsu suna faɗin inda burtali ya bi tun zamanin iyayensu, da inda mashaya take, da wace yarjejeniya aka yi tsakanin wane da wane, a gaban wa. Shekara biyu da rabi tana wannan aiki. Ta tara muryoyi ɗari da arba'in da 'yan kai.

Na ga amfanin muryoyin nan da idona. Akwai ranar da aka yi zaman sulhu kusa da Burumburum, wani manomi ya rantse cewa gonarsa ba ta ci burtali ba. Barakatu ta kunna muryar mahaifinsa, wanda ya rasu wata biyar kafin nan, yana cewa iyakar gonarsu tsamiya ce, abin da ke bayanta hanyar shanu ce. Mutumin ya sunkuyar da kai, hawaye ya zubo masa, ya ce a cire shukar. Ba a ƙara wata magana ba.

An sayo mata sabuwar rakoda, sai ya zama muryoyin da take ɗauka ba sa buɗuwa a kwamfutarta. Ranar wata Talata da safe ta shiga intanet ta nemi manhajar da za ta juya su. Ta samu wata ta kyauta, ta sauke, ta saka. Babu akwatin da ya fito ya tambaye ta komai, kamar yadda ya daina tambayar kowa. Ashe da bairos a cikin manhajar, irin mugun abin nan da ke lalata kwamfuta. Ya shiga da sunanta, sunanta kuwa yana da iko a kan kwamfuta ashirin da uku. Kafin la'asar ya isa Tudun Wada da Kiru. Ranar Laraba da muka shigo ofis a Bebeji, duk takardar da ka danna sai ta fito da wasu haruffa marasa ma'ana. Hotuna, taswirori, sunayen manoma, komai. Akwai wani ɗan akwatin ajiya baƙi da Uzairu yake kwafe komai a ciki duk sati. Ya bar shi a jone da kwamfutar teburinsa, abin da ke cikinsa shi ma ya tafi.

Sunayen manoma za a iya sake rubutawa. Rahotanni akwai kwafinsu a wurin masu ba mu tallafi. Muryoyin ne babu su a ko'ina, don Barakatu takan goge rakoda in ta juye, saboda ta cika da wuri.

Alhaji Mu'azu ya kira Injiniya Kamaluddeen, ya ce zai zo ranar Alhamis. Ranar Laraba bayan azahar na leƙa ɗakin saba, na tarar da Uzairu shi kaɗai, gumi ya jiƙa masa riga. Na ga abin da ke kan allon, na gane shi, don a gabana aka buɗe shi a zauren Kiru. Ya cire rukunin ma'aikata daga rukunin masu iko. Ya ɗago muka haɗa ido. Ya ce, "Dole ne a rufe, kada ya ƙara yaɗuwa." Gaskiya ne, dole ne. Amma ni da shi mun san ba wannan kaɗai ba ne dalili. Na ja ƙofa na fita.

Ranar Juma'a da safe aka tara mu duka a Bebeji, har da na sauran ofisoshin. Injiniya ya yi kwana ɗaya yana dubawa, kwamfutocin da yawa ba sa ma tashi, abin da ya iya ganowa kaɗan ne. Ya ce bairos ya fara ne daga kwamfutar Doguwa ta biyu, da sunan Barakatu, ƙarfe tara da minti goma na safiyar Talata. Ya ce abin da bai gane ba shi ne yadda aka yi ta iya saka manhaja, domin ya duba saba ya ga tsarin yana nan yadda ya bar shi.

Alhaji ya juya wurinta. "Malama Barakatu, ke kika saka abin nan?"

Ta miƙe tsaye. "Ni na saka, Yallaɓai. Don aiki na saka. Amma ai kowa yana sakawa. Fiye da shekara ke nan kwamfuta ba ta hana kowa."

Alhaji ya dubi ɗakin. "Haka ne?"

Mu ashirin da wani abu ne a zaune. Kowa a cikinmu yana da abin da ya saka wanda ba zai so a ambata a gaban shugaba ba. Wani ya duƙufa kan wayarsa, wani ya kalli fanka. Ni na kalli takalmina. Alhaji kansa bai san komai ba, don sakatarensa ne ke taɓa masa kwamfuta, kuma na tabbata ya manta da wayar da ya yi wata goma sha huɗu da suka wuce.

Ya ce, "Malam Uzairu, kai ka ba ta kalmar sirrin admin?"

Uzairu ya ce, "A'a, ranka ya daɗe. Ban ba ta ba."

Bai yi ƙarya ba, bai taɓa ba kowa kalmar ba. Alhaji ya ɗan jira ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Injiniya ya ce mai yiwuwa ta ga lokacin da yake dannawa a wata ziyara ta haddace, hakan na faruwa. Barakatu ta juya ta kalli Uzairu, ta daɗe tana kallonsa, shi kuwa idonsa na ƙasa. Sannan ta zauna. Sati biyu bayan nan aka ba ta takardar sallama, an rubuta cewa ta yi amfani da ikon da ba nata ba, ta jawo asarar kayan ƙungiya.

Uzairu ya yi wata guda yana tayar da kwamfutocin nan ɗaya bayan ɗaya. Ya koma hawa babur zuwa Doguwa da ƙafarsa mai ciwo, babu wanda ya ƙara yi masa ƙorafi, babu kuma wanda ya ƙara jansa da hira. Mun daina son kallon juna. Ya rame. Bushira ta taɓa tare matata a wurin wani suna tana tambaya ko wani abu ya faru a ofis, don maigidanta ya daina cin abinci sosai, yara ma in suna masa wasa ba ya kula su.

An ɗauki wani ya maye gurbin Barakatu, aka ce ya sake ɗaukar muryoyin. Bai samu komai ba. Tsofaffi goma sha tara sun riga sun rasu. Waɗanda ke raye suka ce sun faɗa sau ɗaya an zubar, ba za su sake ba. Da damina ta zagayo aka yi rikici a wata mashaya da wani tsoho mai suna Lado ya taɓa yin bayani a kanta dalla-dalla kafin ya rasu. Aka ji wa mutum biyu rauni, gidaje huɗu na makiyaya suka tashi suka bar yankin. Ba zan ce da muryar Lado tana nan da ba a yi ba, Allah ne ya sani. Amma ranar da labarin ya zo ofis, Uzairu ya shiga ɗakinsa ya rufe, bai fito ba sai da aka tashi.

Sai da aka yi shekara ɗaya da rabi sannan ya rubuta takarda. Ya nuna min kafin ya kai. Shafi biyu ce, ya faɗi ranar da ya ba kowa iko, da ranar da ya cire, da dalilin cirewar. Bai saka sunana ba. Na ce ya saka, ya ce a'a, shi ne ya danna. Na bi shi ofishin Alhaji na faɗi nawa da bakina.

Alhaji ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce, "Malam Uzairu, me ya hana ka faɗa a ranar? Da faɗa kawai zan yi maka. Ni na ce ka yi duk abin da za ka yi."

Uzairu ya ce, "Kunya ce, ranka ya daɗe. Da tsoro."

Alhaji ya ce, "To ga shi ka zo a makare. Saura wata uku mu rufe, tallafi ya ƙare. Ko ina so ba ni da kujerar da zan mayar da ita." Sannan ya kira sakatare ya sa aka buga wata takarda da ke wanke Barakatu daga laifi, ya sa hannu. Ya miƙa wa Uzairu ya ce, "Kai za ka kai. Ba zan aika direba ba."

Ranar Asabar muka tafi, ni da shi, a kan babur ɗina. Daga bakin titi muka bi wata 'yar hanya cikin gonakin masara har gidan Ardo Hamma. Muka same shi a ƙarƙashin inuwa, dattijo fari mai farin gemu. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya sa aka kawo mana fura da nono. Da Uzairu ya faɗi abin da ya kawo mu, Ardo ya aika aka kira 'yarsa. Lokacin tana koyarwa a wata makarantar 'ya'yan makiyaya da ke kusa.

Ta zo ta zauna gefen mahaifinta, ta gaishe mu kamar yadda ake gaida baƙi. Uzairu ya miƙa mata takardar da hannu biyu, ya faɗi komai. Ta karanta, ta ninke, ta ajiye a kan tabarma.

Ta ce, "Malam Uzairu, ai na sani tun ranar. Kowa a ɗakin nan ya sani. Ba aikin ne ya fi yi min ciwo ba. Ka san abin da ake faɗa a nan? Makiyaya sun ce manoma ne suka saye ni na goge muryoyin. Manoma sun ce na goge ne don in ɓoye abin da bai yi wa dangina daɗi ba. Mahaifina, ga shi nan, ya yi shekara ba ya zuwa zaman sulhu, don in ya buɗe baki sai a ce ya fara gyara gidansa. Wannan takarda Turanci ce. Wa zai karanta ta a nan?"

Uzairu ya ce, "Me kike so in yi, Malama?"

Ta kalli mahaifinta, suka yi magana kaɗan da Fulatanci. Sannan Ardo ya ce, "Ranar Juma'a ka dawo. In an sallame, ka tsaya a ƙofar masallaci ka faɗa wa mutane abin da ka faɗa mana, da Hausa."

Ya dawo. Ni ma na zo. Mutumin da ba ya iya kallon mutum ɗaya a ido ya tsaya gaban mutane sama da ɗari. Bai san yadda zai bayyana musu saba da admin ba, sai ya ce an ba shi amanar tsaron wani ɗaki, ya gaji, ya bar shi a buɗe ga kowa, da ɓarna ta shiga ya rufe da sauri ya bar wata da laifi. Ya ce Barakatu ba ta goge komai ba, ba wanda ya saye ta. Wasu dattawa suka gyaɗa kai suka ce Allah ya kyauta. Wani daga baya ya ce da ƙarfi, "Nawa Ardo ya ba ka?" Wasu suka yi dariya. Ardo Hamma ya zo ya kama hannun Uzairu, ya raka mu har inda muka ajiye babur.

Barakatu ta aiko da saƙo ta bakin mahaifinta cewa ta yafe. Ita da kanta ba ta fito ba.

Ƙungiyar ta rufe bayan wata uku, aka raba kwamfutocin ga wasu makarantu. Ni na koma gonata a Bebeji, ina kuma sayar da iri. Uzairu ya buɗe ɗan shago a Kiru, yana buga takardu, yana yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, yana gyaran laftof. Wata makaranta mai zaman kanta a Tudun Wada ta neme shi ya kula mata da ɗakin kwamfuta, ya ce a ba wani. In damina ta yi nisa ƙafar takan dame shi, sai ka gan shi ya ɗora ta a kan benci yana aiki.

Bara na ji labari cewa Barakatu ta koma bin tsofaffin da suka rage, ita kaɗai, da wayarta, ranakun da babu makaranta. An ce ta samu mutum goma sha ɗaya sun yarda sun sake magana. Da na gaya wa Uzairu, ya nemi lambarta a wurin wani tsohon abokin aikinmu, ya rubuta mata cewa in tana so zai kwafe mata muryoyin a wuri uku daban-daban, ya kuma nuna mata yadda za ta riƙa yi da kanta. Ya nuna min saƙon, ya gyara shi ya fi sau biyar kafin ya tura. Wayar ta nuna ta karanta. Watan jiya da na biya ta shagonsa na tambaye shi ko ta amsa, ya ce a'a, tukuna. Sai wata mata ta shigo da takardun da za a buga mata, ya jawo kujera ya ce ta zauna.